Mai Gadin Ɓeraye

Shekara sha ɗaya na yi ina gadin shagon taya a Sabon Gari,
yau ga ni ina gadin ɓeraye.
In na faɗa a fada, sai a ajiye kofin shayi
a yi dariya har da shewa.

Farare ne, idonsu ja kamar zoɓo a kwalba.
Keji sha biyu, a ɗakin da ke bayan labo.
In wuta ta ɗauke, ni ke musu fifita da kwali,
ni ke zuba dusa, ni ke sauya ruwa.

Ran Talata Dokta Fassuma ta raba su gida biyu.
Keji shida ta bar su yadda Allah ya yi su,
shida ta ɗura musu ƙwan tsutsa ta baki
da bututu siriri kamar tsinken tsintsiya.
Na kau da kai. Ta ce, Nomau, riƙe ƙeyar da kyau,
tausayi shi ke sa hannu rawa.

Sati uku ina jiran gawa.
Babu.
Suna ci, suna hawa waya, suna faɗa kan ɓawon gyaɗa,
gashin ne kawai ya ɗan tashi.
Na ce a raina, tsutsar turawa ba ta da cutarwa.

Sai aka yi wa kowa allurar rigakafi,
aka jira, aka ɗebi jini a wutsiya, ɗigo ɗigo,
aka zuba a faranti mai ramuka kamar gurbin dara.
Ramukan masu lafiya suka rine, rawaya kamar kwaiduwa.
Na masu tsutsa fa?
Ruwan wankin shinkafa.
An yi kira a ƙofar gari, ba wanda ya leƙo daga ganuwa.

Ta ce, jini na da masu gadinsa,
su ke tambayar baƙo daga ina, wurin wa.
Tsutsa ba ta ɓalle kwaɗo, ba ta haura katanga.
Zama take, ta riƙa sakin wani abu a hankali
mai ce musu ku zauna, lafiya lau, ku ajiye gora.
In sun zauna dominta, sun zauna wa kowa.

Ban ce komai ba. Na san baƙon.
Dare uku ya zo mini da shayi da tsire,
ya san sunan ƙauyenmu a bayan Madarumfa,
har ya tambayi ciwon ƙafar uwata.
Dare na huɗu na farka da kiran assalatu,
taya arba'in sun yi ƙafa,
gorata na nan jingine, ba ko alamar taɓawa.

Da la'asar na tuna Hankurau,
autana, mai yini a Gulbi in damina ta kankama,
ciki tulu, ƙafafu sillen kara,
mai susar gindi cikin barci.
Katin rigakafinsa na cikin leda a ƙasan akwati,
hatimi bakwai, ba wanda na bari ya wuce.
Na ce, Dokta, shi ma an yi kira ba a amsa ba?

Ta daɗe tana goge tabarau.
Ɓera ba yaro ba ne, Nomau.
Abin da na gani a faranti na sani, sauran ban sani ba,
shi ya sa muke ta ƙirgawa.
Amma ungo.
Ta ba ni ƴar kwalba mai jan murfi:
bayan-gidansa na safe, ka kawo a duba.

Tana aljihuna, tana bugun makullan keji in na sunkuya.
Na keji na tara, mai tsaga a kunnen hagu,
ya naɗe kansa cikin dusar katako.
Gobe za a buɗe shi a auna saifa.
Na saka masa gyaɗa biyu da ba ta cikin lissafi,
na ja kujera bakin ƙofa.
Mai shayin kwana ya ɗago mini buta daga nesa,
na ɗaga hannu, na gode,
yau sai ruwa.